Jarin somawa ga ɗaliban kiɗa a jami'o'in Amurka: abin da yake saya da abin da ya fi ƙarfinsa

A yawancin manyan makarantun koyon kiɗa na Amurka yanzu akwai wani ofis da babu shi shekara talatin da suka wuce. Ba a koyar da goge ko fiyano a cikinsa. Ɗalibi ne zai shigo da takarda shafi biyu ko uku, ya ce ga abin da yake son kafawa: ƙungiyar makaɗa da za ta riƙa kai wasa asibitoci da gidajen yari, ko ajin koyar da yaran unguwar marasa galihu, ko manhajar waya mai taimaka wa mai koyo ya horar da kunnensa, ko ɗan bikin kiɗa na kwana biyu a garinsu. Idan kwamiti ya gamsu sai a ba shi kuɗi, yawanci daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa 'yan dubbai. Ba bashi ba ne, kuma galibi makarantar ba ta neman kaso a abin da zai kafa. Abin da ake so a wurinsa shi ne ya aiwatar, ya dawo da rahoto da rasidai.

Ni dai ina ganin tsarin nan yana da amfani ƙwarai, amma ba irin amfanin da ake tallata shi da shi ba. Ana kiransa jarin kasuwanci, alhali a mafi yawan lokuta kuɗin koyon aiki ne. Wannan bambanci shi ke nuna abin da ya kamata a auna, shi ke kuma nuna wanda za a ɗora wa laifi in abu bai tafi ba.

Abin bai daɗe da farawa ba. Makarantar kiɗa ta Eastman, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Rochester a jihar New York, ta soma shirin horar da ɗalibai jagoranci a harkar fasaha tun 1996, sannan ta kafa masa cibiya sukutum a 2001. Jami'ar Colorado da ke Boulder ta buɗe tata cibiyar koya wa makaɗa dogaro da kai a 1999. A 2003 Gidauniyar Kauffman, wadda babban aikinta shi ne yaɗa ilimin kasuwanci, ta raba dala miliyan 25 ga jami'o'i takwas, har da Rochester, bisa sharaɗin a fito da wannan darasi daga tsangayar kasuwanci a kai shi sauran fannoni. Zagaye na biyu na shirin ya isa Kwalejin Oberlin a jihar Ohio, mai tsohuwar makarantar kiɗa. Daga wajen 2010 kuwa abin ya zama ruwan dare. New England Conservatory a Boston da Manhattan School of Music a New York duk suka buɗe ofisoshinsu, Berklee ta kafa cibiyarta a 2014 ƙarƙashin Panos Panay, Jami'ar Michigan ta fito da shirin EXCEL a 2015, Peabody ta Jami'ar Johns Hopkins kuma ta sa darussan sana'a cikin manhajar karatunta a 2017.

Ba kwatsam makarantun nan suka kamu da son kasuwanci ba. Aikin da suke horar da ɗalibai dominsa ne ya yi ƙaranci. Tsawon ƙarni na ashirin, burin mai koyon kiɗan gargajiyar Turawa a Amurka shi ne ya samu kujera a babbar ƙungiyar makaɗa, irin wadda ake kira okestira, inda akwai albashi da inshorar lafiya da fansho. To, ƙungiyar ƙwadagon da ke haɗa makaɗan manyan okestirori, ICSOM, tana da okestira hamsin da 'yan kai, makaɗa kimanin 4,000. Wannan shi ne jimillar kujerun, ba waɗanda ke buɗewa a shekara ba, kuma wanda ya samu kujera kan zauna a kanta shekara talatin ko fiye. A gefe guda jami'o'i da makarantun kiɗa na yaye dubbai kowace shekara.

Ga yadda ake neman kujerar. In ta mai busa sarewa ta buɗe a babbar ƙungiya, masu nema kan haura ɗari. Kowa shi zai biya kuɗin jirginsa da masaukinsa. A shigo da su ɗaya bayan ɗaya, su tsaya a bayan labule don kada alƙalai su ga fuska. Wasu wuraren har darduma ake shimfiɗawa don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. Mutum zai yi 'yan mintuna yana busa gutsattsarin da aka zaɓa masa, wani lokaci bai kai ƙarshe ba zai ji murya daga bayan labule ta ce an gode. Shekara goma sha biyar na atisaye ke nan aka auna a minti biyar. Akwai ma lokutan da ake watsewa ba a ɗauki kowa ba.

A 2004 jaridar New York Times ta bi sawun makaɗan da suka kammala Juilliard a 1994, makarantar da ta fi kowace suna a ƙasar. Cikin su 44 an samu labarin 36. Goma sha ɗaya ne ke da cikakken aiki a okestira, aƙalla goma sha biyu kuma sun bar sana'ar kiɗa. Rahoton ya tayar da hankalin malamai da iyaye, domin in Juilliard ce haka, ina ga sauran? Sai kuma karyewar tattalin arziki ta 2008 ta biyo baya. Makaɗan Detroit suka yi wata shida suna yajin aiki daga Oktoban 2010. Okestirar Honolulu da ta Syracuse da ta New Mexico suka durƙushe. A Afrilun 2011 okestirar Philadelphia, ɗaya daga cikin manya biyar na ƙasar, ta je kotu neman kariya daga masu binta bashi. A Minnesota hukumar okestira ta rufe wa makaɗanta ƙofa daga Oktoban 2012 har Janairun 2014. A lokaci guda binciken SNAAP, wanda Jami'ar Indiana ta fara a 2008 don jin ta bakin tsofaffin ɗaliban fasaha, ya yi ta nuna abu guda: akasarinsu na cewa sanin harkar kuɗi da kasuwanci na da muhimmanci a aikinsu, kaɗan ne ke cewa makaranta ta koya musu. Ofisoshin nan amsa ce ga wannan ƙorafi.

Akwai wani abu da ya fi karyewar 2008 zurfi, kuma in ba a gane shi ba, ba za a gane iyakar jarin somawa ba. Tun 1966 masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, suka bayyana shi. Masana'antar takalmi na iya sayen inji ta ninka abin da ma'aikaci ɗaya ke yi sau goma, saboda haka tana iya ƙara masa albashi ba tare da takalmi ya yi tsada ba. Amma kiɗan da Beethoven ya tsara wa mutum huɗu, mutum huɗu yake buƙata yau, kuma mintunan da ya ci a zamaninsa su zai ci yau. Ba a rage mutum ɗaya, ba a ƙara sauri. Haya da abinci da kuɗin asibitin makaɗan kuwa suna hawa tare da na kowa. Sakamakon shi ne kuɗin shirya wasa kai tsaye na ƙaruwa fiye da abin da mai kallo zai iya biya. Shi ya sa a yawancin okestirorin Amurka kuɗin tikiti ba ya kai rabin abin da ake kashewa, sauran daga masu bayar da gudummawa da gidauniyoyi da ribar dukiyar da aka ajiye yake fitowa. Wannan matsala ba ta san babba ko ƙarami ba. Ɗalibin da ya kafa ƙungiyar mutum biyar ya gaje ta tun ranar farko.

Mu ɗauka wata ɗaliba ta samu dala 1,500 don shirya wasa a wani tsohon shago da aka mayar zauren taro. Hayar wurin dala 400. Mai na'urar sauti da ɗaukar bidiyo 350. Hayar takardun kiɗa daga kamfanin ɗab'i da lasisin yin wasan a bainar jama'a 200, domin kiɗan wanda ke raye ko bai daɗe da mutuwa ba yana da mai haƙƙi. Fosta da talla a Instagram 100. Motar ɗaukar ganguna da kujeru 150. Saura 300, makaɗa kuma su biyar, kowa dala 60 ke nan a kan atisaye huɗu da daren wasa. In Allah ya taimake ta mutum sittin suka zo, kowa ya biya dala 10, ta samu 600. Wasan ya yi kyau, mutane sun tafa, amma abin da ya shigo bai kai rabin abin da ya fita ba, kuma ita kanta ba ta biya kanta ko sisi ba na wata uku da ta yi tana kai da kawowa.

Ɗan kasuwa zai duba wannan lissafi ya ce an faɗi. Malami kuma zai ce an ci riba mai yawa, kuma ina tare da malamin. Yarinyar nan ta koyi karanta yarjejeniyar haya kafin ta sa hannu. Ta san mai zaure zai tambaye ta inshora. Ta gane cewa tallafin da aka ba ta yana iya shiga lissafin haraji. Ta ga yadda abokin da suke cin abinci tare yake canza fuska in aka zo maganar kuɗi, ta koyi cewa a faɗi abin da za a biya tun farko, a rubuce. Ta fahimci cewa mutum ɗari biyu da suka danna alamar sha'awa a intanet ba mutum ɗari biyu ba ne a bakin ƙofa. Babu laccar da za ta dasa waɗannan a zuciyar mutum kamar yadda kuɗi na gaske da ranar wasa ta gaske ke dasawa. Kuma ta koye su tana ɗaliba, lokacin da kuskure ba ya kore ta daga gidan haya.

Yanzu mu duba waɗanda ake buga misali da su a kowane taron ƙarfafa gwiwa. Ƙungiyar Eighth Blackbird ɗalibai shida ne suka kafa ta a Oberlin a 1996, ta kuma ci lambar Grammy har sau huɗu. Alarm Will Sound ta fito daga ƙungiyar ɗalibai a Eastman a 2001. Claire Chase, mai busa sarewa, tana ɗaliba a Oberlin ta samu kyautar Gidauniyar Presser, ta yi amfani da kuɗin ta sa aka tsara mata sababbin kaɗe-kaɗe. A 2001 ta kafa International Contemporary Ensemble da 'yan ɗaruruwan daloli, a 2012 kuma ta samu babbar kyautar MacArthur. Sebastian Ruth ya gama Jami'ar Brown a 1997, ya samu ɗan tallafi daga cibiyar hidimar al'umma ta jami'ar, ya kafa Community MusicWorks a unguwannin talakawan birnin Providence, inda ƙwararrun makaɗa ke koyar da yara kyauta. Shi ma ya samu MacArthur a 2010. Aaron Dworkin yana karatu a Jami'ar Michigan ya kafa Sphinx a ƙarshen shekarun 1990, don buɗe wa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ƙofar kiɗan goge da danginsa, daga baya har ya zama shugaban makarantar kiɗa ta jami'ar a 2015.

Abu biyu nake lura da su a wannan jeri. Na farko, kusan duka an kafa su kafin ofisoshin nan su bazu. Ba ofisoshin ne suka haife su ba, su ne aka kalla aka gina ofisoshin. Sai dai labarin Chase da na Ruth sun nuna cewa ɗan kuɗi a hannun wanda ya dace, a lokacin da ya dace, yana iya zama mafarin abu babba, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu goyon bayan tsarin.

Na biyu ya fi muhimmanci. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya zama kamfani mai riba. Dukkansu ƙungiyoyi ne da ba sa neman riba, masu rajista ƙarƙashin sashen dokar haraji da ake kira 501(c)(3), wanda ke ba mai ba su gudummawa damar rage harajinsa. Suna rayuwa ne da haɗin kuɗin wasa, da kwangilar koyarwa a jami'o'i, da tallafin gidauniyoyi, da kyautar masu hali. Ma'ana, gwanintar da waɗannan mutane suka nuna ita ce gina abu mai kyau sannan su gamsar da wani ya biya kuɗinsa. Wannan aiki ne mai wuya kuma mai daraja, amma ba shi ne abin da kalmar jari ke kawowa a ran mutum ba, wato a zuba kuɗi su juya su haifi wasu.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Makaɗin fada, irin Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, bai rayu da kuɗin ƙofa ba. Ubangida ne ke ba da riga da doki da hatsi. Haka Turai take: mai tsara kiɗa Haydn ya yi kusan shekara talatin, daga 1761, yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima, yana sanye da kayan barorin gidan. Abin da ya canza a Amurkar yau shi ne ubangidan ya rarrabu gida-gida, ya zama gidauniya da hukuma da attajira mai son kiɗa da mutum ɗari uku masu turo dala ashirin-ashirin ta intanet, kuma kowannensu sai an rubuta masa takarda da kasafi. Takardar neman jarin somawa ita ce atisayen farko na wannan. Da makarantu za su faɗa wa ɗalibai haka kai tsaye, da an rage yawan waɗanda ke fita da tunanin sun gaza don shirinsu bai ciyar da kansa ba.

Ba na cewa babu ɗaliban kiɗa da ke kafa kasuwanci na gaske. Akwai masu buɗe ɗakin koyarwa, masu gyaran kayan kiɗa, masu ɗakin ɗaukar sauti, masu manhaja. Berklee musamman, da yake ta fi karkata ga kiɗan zamani da fasahar sauti, tana da irin waɗannan. Su jarin na iya juyawa. Amma har a can kasuwar ba ta da sauƙi. Abin da mawaƙi ke samu a sauraro ɗaya a Spotify bai kai santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, ba, kuma daga 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba ta samun komai. Ɗalibin da ya kashe tallafinsa wajen yin faifai ya samu abin nunawa, wanda zai iya buɗe masa ƙofofi, amma da wuya ya mayar da kuɗin.

Masu suka sun yi magana, kuma maganarsu na da nauyi. Masaniyar tarihin kiɗa Andrea Moore ta wallafa maƙala a 2016 tana cewa wannan koyarwa na ƙawata rashin tabbas, tana sa matasa su ɗauki rayuwa ba albashi, ba fansho, ba inshora a matsayin 'yanci. Marianna Ritchey ta faɗaɗa irin wannan suka a littafinta na 2019. Abin da suke nunawa shi ne an sauke nauyi daga kan cibiyoyi an ɗora wa ɗaiɗaikun mutane. A da, in makaɗi bai samu aiki ba, ana iya tambayar me ya sa makarantu ke ɗaukar ɗalibai fiye da guraben da ake da su. Yanzu ana iya cewa shi ne bai yi dabara ba. Wanda ya ga yadda makaɗan gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, na Metropolitan a New York, waɗanda ke kan ƙololuwar sana'ar, suka yi kusan shekara ba albashi lokacin annobar korona, ya san dabarar mutum ɗaya tana da iyaka.

Sai maganar kuɗin makaranta, wadda ita ta fi ci mini rai. Kuɗin karatu kaɗai a Juilliard ya haura dala 50,000 a shekara, kuma manyan takwarorinta ba su yi nisa da haka ba. Gaskiya ne da yawa na samun ragi, amma da yawa kuma na fita da bashi mai nauyi. Tallafin dala 1,500 kusan kashi uku cikin ɗari ne na kuɗin shekara guda. Mutumin da bashi ke jiransa a ƙarshen kowane wata ba ya iya yin kasada. Zai kama duk aikin da ya samu. Saboda haka a ganina jarin somawa mafi girma da makaranta za ta ba ɗalibi shi ne ta yaye shi ba bashi. Makarantar kiɗa ta Curtis da ke Philadelphia ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928. Makarantar kiɗa ta Yale ta daina karɓa bayan kyautar dala miliyan 100 da aka ba ta a 2005. Ɗaliban waɗannan wurare na fita da abin da babu gasar da ke bayarwa, wato damar yin shekara biyu ko uku suna gina abu ba tare da wuƙa a wuya ba.

Akwai kuma batun wa ke cin gasar. Makarantu da yawa sun aro salon kamfanonin fasaha, inda ɗalibi zai tsaya gaban alƙalai ya tallata shirinsa cikin 'yan mintuna. Wannan salo na fifita mai baki. Ɗalibin da ya taso a gidan da ake maganar kwangila a kan teburin abinci, wanda iyayensa za su riƙe shi lokacin hutu yana aikin da ba biya, shi ya fi zuwa a shirye. Wanda ke aiki a gidan abinci da dare don biyan haya ba shi da lokacin rubuta takardar ma. Ɗaliban ƙasashen waje kuwa, waɗanda ke da yawa a makarantun nan, musamman daga Sin da Koriya ta Kudu, suna da wata matsalar ta daban: bizar karatu ta F-1 ta taƙaita musu aiki a wajen makaranta, har da yi wa kai aiki, sai ta wasu hanyoyi ƙayyadaddu. Ana iya koya musu kasuwanci a aji, doka kuma ta hana su yi. Ofishin da bai yi tunanin waɗannan ba zai ƙare yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Duk da haka ba na goyon bayan a rufe ofisoshin, domin wanda ya fi buƙatar a koya masa karanta yarjejeniya shi ne wanda babu lauya a danginsu. Abin da nake so a gyara shi ne yadda ake gudanarwa. Gara a ba mutum talatin kaɗan-kaɗan da a ba mutum ɗaya babbar kyauta a gaban kyamara, tunda koyo ake nema. A wajabta wa mai nema ya sa kuɗin makaɗa, har da nasa, a cikin kasafi. Makarantar da ta amince da kasafin da makaɗa ke aiki kyauta ta koyar da darasin da zai cuci ɗalibanta har ƙarshen rayuwarsu. A haɗa kowane ɗalibi da wanda ya taɓa yin irin aikin, ya zauna da shi kafin aikin da bayansa, domin sau da yawa awa biyu da irin wannan mutum ta fi kuɗin amfani. Rahoton ƙarshe kuma a bar ɗalibi ya faɗi gaskiya, cewa mutum goma sha biyu ne suka zo, ga kuma abin da yake ganin ya jawo. In makaranta na auna nasarar ofis da yawan kamfanonin da aka kafa, ɗalibai za su koyi ƙawata rahoto ne kawai.

Wani abin da nake jin tsoro shi ne shirye-shiryen da ake kai wa al'umma. Kwamitoci na son su, da gaskiyarsu, amma tallafin wata shida na iya sa ɗalibi ya tara yara ashirin a unguwa, ya ba su goge, su fara sabawa, sannan ya gama karatu ya koma wani gari. Shi ya samu abin rubutawa a takardar neman aiki, yaran kuma an bar su da kayan kiɗan da babu mai koya musu. Abin da ya bambanta Community MusicWorks shi ne Ruth ya zauna a Providence bai tafi ba. Ya kamata duk kwamiti ya tambayi mai nema wa zai ci gaba bayansa, ko kuma ya tsara abin ya zama mai farko da ƙarshe tun asali.

Mai karatu a Najeriya zai ga ɗan kama. Tun wajen 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙasa ta wajabta darasin dogaro da kai ga kowane ɗalibi, amma a wurare da yawa lacca ce da jarrabawa, babu kuɗin gwaji a hannun ɗalibi. A ɗaya gefen akwai Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba da dala 5,000 tun 2015, sai dai ita kasuwanci mai juyawa take nema daga kowane fanni, ba ta cikin aji. Abin da makarantun kiɗan Amurka suka yi shi ne haɗa biyun wuri ɗaya, darasi da ɗan kuɗin gwada shi, kuma wannan ɓangaren ya cancanci a duba shi ko da a fannin da ba kiɗa ba.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne bayan an gama. Ranar da ɗalibi ya karɓi takardar kammalawa, ya rasa ɗakin atisaye na kyauta, da ɗakin ɗaukar sauti, da laburaren takardun kiɗa, da abokan da ke amsa kira don zumunci. Waɗannan in aka ƙiyasta su da kuɗi sun ninka tallafin da aka ba shi. Bayan wata shida bashin karatu na gwamnatin tarayya ya fara neman biya. Manyan masu tallafi kuma ba sa kallon sabon shiga: hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasa, NEA, ta daɗe tana gindaya sharaɗin ƙungiya ta nuna tarihin aiki na wasu shekaru (aƙalla uku kafin 2025), kuma ta samo kwatankwacin abin da za a ba ta daga wani wuri. Wasu kan fake a ƙarƙashin ƙungiyoyi irin Fractured Atlas, masu karɓar gudummawa a madadin ƙananan shirye-shirye su cire ɗan kaso, wanda ke ba su damar tara kuɗi kafin su yi rajistar kansu. Amma tsakanin wasan farko da shekara ta uku akwai tazarar da mafi yawan shirye-shirye ke mutuwa a cikinta, ba don ba su da kyau ba. Wasu makarantu sun fara barin waɗanda ba su daɗe da kammalawa ba su nemi tallafin, kuma da ni ke raba kuɗin ofishin, kaso mafi tsoka can zan kai shi, tare da mabuɗin ɗakin atisaye na shekara biyu bayan kammalawa.